Silin waya a madadin fizibil: wa zai biya kuɗin sabon tablo?



Duk wanda ke kwana a gidan da aka ja wa wuta shekara ashirin ko talatin da suka wuce, a Birni yake ko Zongo, Sabon Gari ko Garin Malam, ya daure yau ya ɗaga kai ya dubi allon katakon nan da ke kafe a zaure ko bayan ƙyaure, kusa da kontar. Ƙura ta lulluɓe shi, gizo-gizo ya yi gida. A jikinsa akwai ƴan ƙoƙunan tangaran biyu ko uku, da can farare ne, yanzu sun yi ruwan ƙasa, wani ma da baƙin tabo a gefe. Su ne fizibil. Kada ku taɓa, ido ya isa. In kuna son sanin abin da ke ciki ku tambayi babban yaron gidan, don galibi shi ya sa shi da hannunsa ranar da wuta ta mutu ana tsakiyar kallon ƙwallo. Silin waya ne na jan ƙarfe, an zare shi daga tsohon kebul, an ninka biyu ko uku don kada ya sake tsinkewa.

Wannan silin wayar shi ne maganarmu a yau, da kuɗin da ake buƙata a cire allon baki ɗaya a sa tablo na zamani, da wanda ya kamata ya biya. Ra'ayinmu ba mu ɓoye shi: an bar nauyin nan a wuyan mutumin da ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukarsa, kuma muddin haka ake tafiya, tsohon allo ba zai sauka daga bango ba sai a gidan da gobara ta sauke shi.

Da yawa cikinmu mun ɗauki fizibil abokin gaba, mai yanke mana jin daɗi. Alhali an ƙera shi ne don ya mutu. Ɗan zaren da ke cikin irin na da na dalma ne, dalma kuwa tana narkewa a digiri 327, kuma an auna kaurin zaren yadda da zarar wutar da ke bi ta wuce abin da wayar bango za ta iya ɗauka, shi zai narke, layi ya yanke, wayar ta tsira. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai digiri 1085. Sili guda siriri zai iya tsinkewa, amma ba wanda ya san a amper nawa zai tsinke. In an ninka shi uku, ko an cusa ƙusa kamar yadda wasu ke yi, to an sallami mai gadi kenan. Wuri mafi rauni a gidan ya tashi daga cikin ƙoƙon tangaran, inda wuta ba ta da abin ci, ya koma cikin bango ko saman silin, inda robar da ke jikin waya ba a yi ta don ta jure fiye da digiri 70 na yau da kullum ba. Robar nan ba rana ɗaya take lalacewa ba. Tana bushewa, ta tsage, ta riƙa fita ɓawo-ɓawo, shekara da shekaru, ba mai gani. Ku ƙara da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da a inuwa ma ana wuce digiri 40, balle ƙarƙashin kwano.

Kuma gidan ba shi ne gidan da aka ja wa wuta ba. Lokacin da mai aiki ya shimfiɗa wayoyin nan, lissafinsa ƙwai huɗu ne, da rediyo, da fanka guda a ɗakin maigida. Yau a gidan nan akwai firigo, akwai konjelatar da uwargida ke yin ƙanƙara da zoɓo na saidawa, wanda da shi ake sayen cefane da kayan lakwal na yara. Akwai tele da dekodar, akwai dutsen guga, akwai ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti lokacin hunturu, akwai caja goma a ralonj guda. Sau da yawa ma an huda katanga an miƙa wa maƙwabci waya, ana raba faktir a ƙarshen wata.

Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan aji shida zai yi. Wutarmu bolt 220 ce. Ka raba ƙarfin na'ura da 220, ka samu amper ɗin da take ja. Dutsen guga mai wat 1.500 yana jan kusan amper 7. Ƙarfen dafa ruwa mai wat 2.000 yana jan amper 9. Su biyu kaɗai 16 kenan, ba a sa konjelatar ba, ba a sa maƙwabci ba. Siririyar wayar nan mai lamba 1,5 da ta cika tsofaffin gidajenmu, a ƙa'idar da masu aikin wutarmu suka koya, fizibil na amper 10 ake sa mata, ko dijonktar da bai wuce 16 ba. Ga kuma abin da mutane ba su cika sani ba: in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take yi sau huɗu yake ninkawa. Don haka in fizibil ya riƙa mutuwa kowane sati, gaskiya yake faɗa. Mu ne muka toshe mishi baki.

Ba mu ce laifin ƴan gida ne kaɗai ba, don yadda wutar ke zuwa shi ma yana da kaso. Yankinmu da na Maradi sun daɗe suna shan wuta daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, da takunkumin CEDEAO ya sa aka katse wannan wutar, aka shiga rabon awoyi unguwa-unguwa har bayan da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Ko ba takunkumi, lokacin zafi ɗaukewa da kawowa abincinmu ne. To duk sa'ar da aka kawo kuran, injin firigo da na konjelatar suna tashi lokaci guda, kowane yana jan ninki-ninkin abin da ya saba ja na ɗan lokaci. In kuma wutar ta zo da rauni, ƙwai yana ja-ja kamar aci-bal-bal, injin ya kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana zafi. Fizibil ya mutu. An canza, ya sake mutuwa. A karo na uku, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yara na kuka don zafi, ƙanƙarar gobe na narkewa, wa zai fita neman zaren dalma? Sai silin waya. Wanda bai taɓa kwana cikin wannan hali ba ya yi a hankali wajen zagin mai yi.

Me sabon tablo ke da shi da tsohon ba shi da shi? Abu na farko, ƙananan dijonktar, kowane layi da nasa: fitilu daban, piriz daban, konjelatar ko kilim daban. In ya faɗi, ka rage kaya ka ɗaga shi da yatsa, ba zancen waya. Abu na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurinmu, wato diferansiyel na miliamper 30. Fizibil da dijonktar waya suke tsaro, ba su san mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amper guda ba tana iya tsayar da zuciyar babba in ta bi ta ƙirji, fizibil na amper 10 kuwa ko a jikinsa, ba zai ma ji an yi ba. Shi diferansiyel yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga wata ta ɓace a hanya, ta jikin yaro ne ko ta jikin firigo ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Babban dijonktar da ke kusa da kontar kada ya ruɗe ku, an daidaita shi ne da ƙarfin wutar da kuka yi rajista, ba a yi shi don tsaron hannun yaro mai rarrafe ba.

Mun ambaci jiƙaƙƙen bango da gangan. Daminar 2024 ba ta bar kowa cikin shakka ba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya zube a gaban idon jama'a, gidajen ƙasa kuwa ba a magana. Waɗanda ba su faɗi ba sun sha ruwa har ciki, tare da wayoyin da aka binne a jikinsu ba tare da tiyo ba. Kowa ya san gidan da ake cewa "kada ka taɓa ƙofar nan in an yi ruwa, tana ja". Ana faɗa ana dariya, har ana sa baƙo ya gwada.

Sai na uku, sandar ƙasa, wadda ake kafawa a haɗa ta da jikin na'urori don wutar da ta ɓalle ta samu hanyar wucewa ba ta jikin mutum ba. A nan garinmu yana da tasa matsala ta daban. Damagaram a kan dutse take zaune, duwatsun nan da muke alfahari da su a hoto. Dutsen da ya hana mu ruwan rijiya har sai an jawo mana daga Gogo da Arunguza da Ganaram, shi ne kuma ke sa sandar ƙasa ta yi wuyar aiki, don busasshiyar ƙasa da dutse ba sa karɓar wuta da sauƙi. Mai aikin da ya buga guntun rodi taƙi biyu a gindin bango ya ce an gama, ado ya yi muku. Aikin gaske yana son a haƙa, wani lokaci a kafa sanda fiye da ɗaya, a kuma auna da na'ura. Masu na'urar aunawar nan a garin nan ba su da yawa, ku tambayi mai aikinku ku ji.

Yanzu kuɗi. Ba za mu rubuta muku farashi guda a nan ba, don gida ya bambanta da gida, kasuwa kuma kullum motsi take. Amma kowa ya san abin da zai biya wa: akwatin kansa, diferansiyel, dijonktar gwargwadon layukan gidan, sandar ƙasa da wayarta, da ladan mai aiki. Diferansiyel shi ne mai tsada cikin kayan akwatin, shi ya sa shi ake fara sokewa daga lissafi in maigida ya ce a rage mishi. Sannan ga abin da ke ɓata ciniki: sau da yawa in mai gaskiya ya buɗe allon, zai tarar wayoyin da ke shiga cikinsa sun riga sun ƙone, ko gidan duka layi ɗaya ne daga zaure har makewayi. Sa sabon tablo a kan ruɓaɓɓiyar waya kamar ɗaura sabon ƙyaure ne a ɗakin da ba rufi. Sai a ce a sake jan waya, jan ƙarfe kuwa shi ne uban tsada. Abin da aka fara da ƴan jikkuna ya koma gommai. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi na doka yake jika 42 tun watan Janairun 2024, bayan ya shekara goma da wani abu a 30.047, kuma mafi yawan mutanen garin nan ba ma albashin suke ɗauka ba, aikin kirki da kaya na gaske yana iya lashe abincin wata cur, ya nemi ƙari. Rufe iyakar Benin tun 2023 bai taimaka ba: kayan da ke zuwa ta Kwatano sai sun zaga ta Lome da Burkina, sannan su yi tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai kafin su iso mu. Abin da ya fi kusa shi ne na Kano, ta Ɗan Barto da Matamai ko ta Magarya.

Daga nan ne jabu ke samun ƙofa. A kanti guda za a nuna maka dijonktar biyu, suna iri ɗaya a jikinsu, Legrand ko Schneider, a ce wannan na gaske, wannan kuma "na biyu", farashi sama da ƙasa. Wasu masu kantin ma ba su ɓoyewa, kai ne za ka zaɓa. Na jabun yana da sauƙi a hannu, don abin da zai faɗar da shi in zafi ya yi yawa ko dai maras kyau ne ko babu shi sam, makunni ne kawai sanye da rigar dijonktar. Ta wata fuskar ya fi silin waya sharri, don mai silin waya ya san abin da ya aikata, yana kwana da ido ɗaya, mai jabu kuwa ya biya kuɗi ya yi barci. Waya ma haka: akwai wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ka kankare ta da wuƙa ka ga fari, akwai wadda aka rubuta 2,5 a kwalinta alhali robar ce mai kauri. Akwai kuma wata dabara da ba ta buƙatar jabu: mai aiki ya sa dijonktar na amper 32 a kan wayar 1,5 don kada maigida ya sake kiransa ya ce abu na faɗuwa. Maigida ya yaba, ya ce wannan yaro ya iya aiki. Silin waya ne aka sa a farin akwati.

To wa zai biya? Aikin NIGELEC yana tsayawa a kontar da babban dijonktar. Abin da ke bayan nan na mai gida ne, haka tsarin yake, kuma ba mu ce kamfani ya shiga ɗakin kowa ba. Dubawar da ake yi wa wayoyin cikin gida, in an yi ta, ta lokacin haɗa wuta ce. Daga ranar nan har gidan ya tsufa, ya sake hannu, a ƙara ɗakuna, a zuba ƴan haya, ba wanda zai sake leƙowa. Mai karanta kontar yana tsayawa taku ɗaya daga allon kowane wata, amma lamba aka aiko shi ɗauka.

A gidan haya kuwa, kowa na jiran kowa. Mai gida ba ya kwana a ciki, ba shi ne wuta za ta ja ba, kuɗin hayarsa ba ya ƙaruwa don ya sa diferansiyel. Ɗan haya shi ke cikin haɗarin, amma ba zai zuba jikkuna a bangon da za a iya cewa ya tashi daga cikinsa bayan Sallah ba, kuma in ya matsa da magana an san amsar: "In bai yi maka ba, akwai masu so." Ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki su huɗu su biyar, da resho na wuta da dutsen guga a piriz ɗaya, sun san wannan amsar sarai. Dokar farar hula da muke aiki da ita ta ɗora manyan gyare-gyaren gidan haya a kan mai gida, ƙanana a kan ɗan haya. Tablo da wayar bango ba ƙwan fitila ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski.

Wanda ya fi wuya shi ne gidan gado, irin waɗanda suka cika Birni da Zongo. Kontar da sunan kaka, wanda ya rasu tun ba a haifi rabin mutanen gidan ba. Magada goma sha, wasu a Yamai, wasu a Agadas, wasu a Kano ko Libiya. Kowane sashe ya ja wayarsa daga allo ɗaya. Faktir ma da rigima ake haɗa shi, balle kuɗin abin da ba a ga amfaninsa da ido. Kuma a nan ne gobara ta fi muni in ta tashi: rufin azara, zana, katifu, lefen da ake tarawa, gidaje manne da juna, lungunan da motar ƴan kashe gobara ba ta shiga, a garin da famfo kan yi kwanaki ba ɗigo. Allon gidan wane ba na gidan wane kaɗai ba ne, na layin duka ne.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce mutane na fama da tsadar hatsi, ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ke da wuta, ƙauyukan Mirya da Tanut da Gure da yawa ko turke ba su gani ba, ku kuna zancen akwati. Maganar tana da nauyi. Amma ku lura, daidai saboda ana son a ƙara yawan masu wuta ne ya kamata a yi zancen yanzu. Shirin Haske da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, da waɗanda suka gabace shi, duk burinsu a haɗa sabbin gidaje. Ana ƙidaya nasara da yawan kontar da aka kafa. Abin da ke bayan kontar ba ya shiga rahoto. Gidan da aka haɗa bana da wayar jabu da ba diferansiyel, shi ne tsohon allon shekara ashirin masu zuwa. Mai ƙaramin ƙarfi kuma shi ne wanda in gobara ta cinye konjelatar da keken ɗinki, ba inshora, ba ajiya, sai takardar neman taimako a ƙofar masallaci.

Wasu ƙasashe sun gane cewa tsadar ba ta cikin jimillar kuɗin kamar yadda take cikin a ce a biya shi lokaci guda. A Kodebuwa, tun 2014, shirin PEPT yana haɗa wa gida wuta har da aikin cikin gida, maigida ya ajiye jika guda, sauran ya biya a hankali cikin shekara 10 ta hanyar kuɗin wutarsa. A Afirka ta Kudu, lokacin da aka shiga kai wuta unguwannin baƙar fata a shekarun 1990, an riƙa kafa wa gidaje ɗan akwati haɗaɗɗe, da piriz da fitila da na'urar yanke wutar da ta ɓalle duk a jikinsa. Faransa kuwa, wadda daga wurinta muka kwaso ƙa'idar aikin wutarmu, tun 2009 ba a saida gidan da wayoyinsa suka wuce shekara 15 sai an duba an ba mai saye takarda, daga baya aka faɗaɗa abin zuwa gidan haya. Ba mu ce a kwaikwayi Faransa ba, zamanin nan ma ba mai son jin haka. Muna cewa dai mun ɗauko littafin, mun yage shafin da ke kare mai haya.

Abin da muke nema daga ma'aikatar makamashi da hukumar ARSE da NIGELEC shi ne a buɗe hanyar biya a hankali ga tsofaffin gidaje. Ƙaramin tablo guda, mai diferansiyel na miliamper 30 da dijonktar uku ko huɗu, a sayo shi da yawa daga inda aka tabbatar na gaske ne, a kafa wa wanda ya nema, a raba kuɗin cikin faktir ko cikin kuɗin da yake sa wa kontar mai kati. Kamfani ya riga ya san gidan, yana karɓar kuɗi daga gare shi kowane wata, ba wani sabon ofis ake buƙata ba. Kuma duk sabon haɗi da aka yi da kuɗin shiri, tablon ya zo tare da kontar.

Sai dai mu ja kunne tun yanzu, don mun san halin abinmu. In aka ce za a duba gidaje, kada abin ya koma sabon haraji, ko hanyar cin goro, ko dalilin yanke wa talaka wuta. Ranar da aka fara cin tara, ranar kowa zai kulle zaurensa. Dubawa ta zama kyauta, mai dubawa ya faɗi abin da ya gani, ya rubuta, ya tafi. In akwai wanda za a tilasta, to mai gidan haya ne, kuma a ba shi wa'adi.

Duwan da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya suna da nasu aikin. Dijonktar jabu ba daga sama yake faɗowa ba, ta hanya yake shigowa, a kwali, da rana. Da za a sassauta kuɗin fito a kan na gaske, a tsananta a kan na jabu, tazarar da ke tura mutane wurin "na biyu" za ta ragu. Su ma ƴan kasuwarmu na Dole da ke wannan sana'a, mafi yawansu da iyalinsu a irin gidajen nan suke kwana.

Hannun da zai yi aikin kuwa yana nan zaune a fada yana shan shayi. Cibiyoyin koyon sana'a suna yaye yara masu takardar aikin wuta, asusun FAFPA an kafa shi ne don irin wannan horo, amma maigida ba shi da hanyar bambance wanda ya koya da wanda ya riƙe wa wani tsani wata uku ya sayi filaya. Kowace meri cikin biyar na birnin nan tana iya liƙa sunayen masu aikin da aka gwada, a karanta a rediyo da Hausa. A 2018, lokacin Zinder Sabuwa, an nuna cewa in an so ana iya gyara fuskar gari cikin ƴan watanni, da tituna da fitilu. Wannan aikin bai kai wancan kuɗi ba, sai dai ba a yanke mishi kirtani a gaban kyamara. Masu unguwa da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram su ne za su iya abin da takarda ba ta iyawa, wato su zaunar da magada su ce a fitar da kuɗin tablo kafin a raba kuɗin hayar shagon ƙofar gida. Iyayenmu mata masu adashe, waɗanda konjelatar ɗin nan jarinsu ne, in suka sa abin a kwasar wata guda sun fi mu saurin gamawa.

Kafin duk wannan ya samu, akwai abin da ba ya cin ko dala. In an ɗauke wuta, a zare firigo da konjelatar, a jira ta dawo ta zauna ƴan mintoci kafin a mayar, ɗaya bayan ɗaya. Kada a haɗa dutsen guga da ƙarfen dafa ruwa lokaci guda. Piriz ɗin da ya yi baƙi, ko yake zafi, ko ake jin ƙaurin roba kusa da shi, a daina aiki da shi yau, ba gobe ba. Mai diferansiyel ya danna ɗan maɓallin gwaji da ke jikinsa lokaci-lokaci, in bai faɗi ba to ba ya aiki. Kowa a gidan, har yara masu wayo da ƴar aiki, ya san inda babban dijonktar yake da yadda ake kashe shi, kuma kada a jingine buhuna a gabansa. In wuta ta kama daga waya, a kashe shi tukuna, kada a watsa ruwa, a zuba yashi, a kira 18.

Wanda ya riga ya canza nasa tablon a cikin shekarar nan, ya rubuto mana a ƙasa unguwarsu, ɗaki nawa, da abin da ya kashe a kaya da ladan aiki, ba sai ya sa sunan kowa ba. Da waɗannan lambobin za mu je wurin hukuma.